Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsirran da Ke Iya Zama da Kifin Sikilid a Tankin Ruwan Daɗi

Duk wanda ya taɓa kiwon sikilid a tankin gilashi ya san kifi ne mai ra'ayin kansa. Yana zaɓen wurinsa, ya shata iyaka, sannan ya shiga gyaran wurin yadda ransa ke so. Daga nan ne maganar da ta yaɗu tsakanin masu kiwo ta samo asali, wai shuka da sikilid ba sa ga-maciji. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai an yi wa dangi guda kuɗin goro. Abin da ke sa tanki ya yi kore shar shi ne ka fara sanin abin da kifinka ke yi wa shuka, sannan ka nemo wadda wannan halin ba zai kashe ta ba.

Wane irin kifi ne sikilid, kuma me ya sa ake ware shi idan ana zancen shuka?

Sikilid sunan dangi ne babba, wanda masana ke kira Cichlidae. Jinsunan da aka riga aka raɗa wa suna sun haura 1,600, kuma har yanzu ana gano wasu. Karfasa ma 'yar wannan dangin ce. Yawancin jinsunan sikilid suna Afirka da Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan jinsuna, Tafkin Tanganyika kuma yana da kimanin 250.

Abin da ya haɗa su shi ne reno. Sikilid ba ya zuba ƙwai ya kama gabansa. Wasu suna riƙe ƙwai da 'ya'ya a cikin baki, wasu suna share dutse ko su tona rami su zauna gadi. Mai gadin 'ya'ya kuwa dole ya so fili a gabansa, ya ga duk mai tahowa. To shukar da ka dasa a tsakiyar wannan fili, a wurinsa shinge ce da ta tare masa gani.

Na dasa shuka da daddare, da safe na tarar da ita tana yawo a saman ruwa. Me ke faruwa?

Ɓarnar sikilid iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Akwai masu tono, akwai masu ci, akwai kuma manya masu ja da ture duk abin da suka ga dama.

Mai tono shi ne ya fi yawa. Ka zauna gaban gilashi ka kalli namijin da ya shirya aure. Zai sunkuyar da kai, ya cika baki da yashi, ya yi iyo kamar taki ɗaya, ya tofar, ya dawo. Haka zai yi ta yi babu gajiya, har gilashin ƙasa ya bayyana a tsakiyar ramin, yashi kuma ya taru tudu a gefe. Bai taɓa shukarka da baki ba, amma ya kwashe ƙasar da ke riƙe da ita. Wadda ke gefen tudun kuma ya binne ta har wuya.

Masu ci su ne irin su mbuna, wato sikilid masu zama a duwatsun Tafkin Malawi, da Tropheus na Tanganyika, waɗanda abincinsu a tafki gansakukar da ke kan duwatsu ce, da kuma Uaru da Heros na Kudancin Amurka, waɗanda ke cin ganye sosai. Masu ja kuwa su ne irin oska, wato Astronotus ocellatus, da manyan jinsunan Amphilophus.

Ganyen ne zai gaya maka wanda ya yi aikin. Idan shuka ta taso lafiyarta ƙalau da saiwoyinta, tono ne. Idan bakin ganye ya yi giɓi-giɓi, musamman sabon toho, ci ne. Idan an yage ta an kai ta wancan ƙarshen tanki, ja ne.

Da wace shuka zan fara?

Anubias, ba tare da wani dogon tunani ba. Asalinta daga rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, inda take manne wa duwatsu da kututture a inuwa. Abu biyu suka sa ta dace da sikilid. Na farko, ganyenta mai kauri ne da tauri, yawancin kifaye in sun gwada sau ɗaya ko biyu sai su haƙura. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ba ta buƙatar yashi ko kaɗan. Tana da kwantaccen kara mai kauri, ganye na fita ta sama, saiwa na fita ta ƙasa tana kama dutse. Mai tono ya tone duk yashin tankin, ita ko a jikinta.

Anubias barteri ita ce aka fi samu. Nau'inta ƙarami, nana, tsayinsa bai cika wuce santimita 15 ba, ya dace da tsagin duwatsu. Babbar barteri tana iya kai santimita 30 zuwa 40, tana rufe baya. Tana jure ruwa mai tsami-tsami, tana kuma jure ruwan tafkunan Afirka mai kanwa-kanwa.

Amma kada a ɓoye maka rauninta. Girmanta a hankali ne ƙwarai, sabon ganye ɗaya yana iya ɗaukar makonni. Sabon ganyen nan kuma yana fitowa da laushi, shi mbuna ke nema. Saboda haka ka sayi babba mai ganye da yawa tun farko, kada ka sayi 'yar mitsitsiya kana jiran ta girma a gaban kifaye masu cin ganye. Rashin saurin girman nan shi ke sa gansakuka, musamman baƙar nan mai gashi-gashi, ta kama tsofaffin ganyenta idan haske ya yi yawa. Ajiye ta inda inuwar dutse ko ta wata shuka ke faɗawa.

Yaya ake ɗaure ta a dutse ko itace?

Hanya mafi sauƙi ita ce gam mai saurin kamawa, irin na sinadarin sayano'akirilet, musamman mai kauri wanda ba ya zuba. Idan ya bushe ba ya cutar da kifi. Fito da dutsen, ka goge wurin da tsumma. Ka ɗiga gam ɗigo biyu ko uku, ka danna saiwoyin da ƙasan kwantaccen karan a kai, ka riƙe na daƙiƙa 30 ko makamancin haka. Da ka mayar da shi ruwa, gam ɗin zai yi fari, wannan ba komai ba ne, saiwoyi za su rufe shi daga baya. Kada dai ka shafe karan gaba ɗaya da gam, domin ta nan yake toho.

Zare ma yana yi. Na auduga yana ruɓewa da kansa bayan saiwa ta kama, sai dai a tankin manyan kifaye yakan ruɓe tun kafin lokacin. Zaren fatsa ya fi ƙarko, amma ka ɗaure shi tamau, ka yanke rarar, domin kifi na iya sarƙewa a madaukin da aka bari sako-sako.

Doka ɗaya ce ba a karya ta: kada a binne kwantaccen karan cikin yashi. In aka binne shi ruɓewa yake yi, ganye su zube ɗaya bayan ɗaya. A tankin masu tono sai ka riƙa dubawa, domin kifin da kansa yana iya tofa yashi ya rufe shi. Shi ya sa na fi son a ɗaga ta sama da yashi kamar faɗin tafin hannu.

Ban da Anubias, akwai wasu masu mannewa haka?

Akwai Microsorum pteropus, wanda ake sayarwa da sunan Java fern, daga Kudu Maso Gabashin Asiya. Yadda ake ɗaure Anubias haka ake ɗaure shi, kuma kifaye da yawa ba sa son cinsa. Ganyensa ya fi na Anubias tsawo, saboda haka ya fi ta iya raba tanki gida-gida. Idan ka ga baƙaƙen ɗigo a jere a bayan ganyen, ba cuta ba ce, ƙwayoyin haihuwarsa ne. Haka ma ƙananan tsirrai da ke fitowa a bakin tsohon ganye, 'ya'ya ne, ana cire su a manna a wani wuri.

Bolbitis heudelotii na Afirka yana da kyau matuƙa, yana son ruwa mai gudu, amma ya fi sakewa a ruwa marar yawan ma'adinai, don haka ya fi dacewa da sikilid na koguna. Bucephalandra ta tsibirin Borneo ma tana mannewa, sai dai ƙarama ce, babban kifi na fizge ta a karo ɗaya.

Ina kiwon mbuna. Anya akwai abin da zai rayu da su?

Akwai, amma ka rage buri. Mbuna 'yan duwatsu ne, a tafkinsu ma inda suke zama ba shi da shuka sosai. Tankinsu idan ya zama tarin duwatsu da tsirrai jefi-jefi, ya yi kama da gidansu na asali.

Matsalarsu biyu ce, baki da ruwa. Ruwan Tafkin Malawi yana da pH tsakanin 7.7 da 8.6, na Tanganyika kuma yana kusan 9, ya kuma fi na Malawi yawan ma'adinai. Ma'aunin pH idan ya yi ƙasa da 7 ruwa ya karkata ga tsami, idan ya haura 7 ya karkata ga kanwa. A ruwan da ya haura 8, iskar CO2 da tsirrai ke dogaro da ita kaɗan ce ƙwarai, yawancin kabon ɗin ya koma sinadarin baikabonet. Tsirrai da yawa ba su iya cin moriyarsa ba, sai su tsaya cak su yi ta ramewa ko da kifi bai taɓa su ba.

A nan Vallisneria ta yi fice. Ita wannan ciyawa mai dogon ganye kamar ƙyalle tana iya ciro kabon daga baikabonet, kuma tana tsirowa a wuraren yashi marasa zurfi na Malawi da Tanganyika. A Malawi akwai ma sikilid mai siririn jiki, Dimidiochromis compressiceps, da ke laɓewa a cikinta yana farautar ƙananan kifaye. Ganyenta ba shi da tauri, za a ci. Dabararta ita ce sauri: tana miƙa jijiya ƙarƙashin yashi tana fito da 'ya'ya a jere, har ta fi ƙarfin masu cinta. Shi ya sa ba a dasa ta guda biyu ko uku. A dasa da yawa lokaci ɗaya, ta yadda cizon zai rarrabu. Idan ka ga wani farin gari ya kwanta a kan ganyenta, ƙasar alli ce da ke fitowa lokacin da take amfani da baikabonet, ba cuta ba.

Ceratophyllum demersum, tsiron nan mai ganye kamar allura wanda ba shi da saiwa sam, shi ma yana son irin wannan ruwan, yana kuma girma da sauri. A bar shi yana shawagi, ko a maƙale ƙarshensa a tsagin dutse.

Su kansu mbuna ba ɗaya suke ba. Labidochromis caeruleus, rawayan nan, ya fi cin ƙananan halittu, bai cika damun shuka ba. Melanochromis auratus da dangin Maylandia sun fi ɓarna. Aulonocara kuwa, waɗanda ba mbuna ba ne, suna tace yashi kawai, kusan ba sa cin ganye.

Ina son shuka mai saiwa a yashi. Yaya zan kare ta daga tono?

Tukunyar ƙasa ita ce amsar da ta fi aiki. Ka samu ƙaramar tukunyar shuka wadda ba a yi wa fenti ba, ka zuba tsakuwa da ƙwayar taki a ƙasa, ka dasa shukar, sannan ka rufe saman da duwatsu masu santsi waɗanda suka fi ƙarfin bakin kifinka. Ka nutsa tukunyar a yashi ko ka ɓoye ta bayan dutse. Wani amfaninta shi ne idan ma'aurata suka zaɓi wannan lungun don zuba ƙwai, sai ka ɗauke tukunyar ka kai wani wuri ba tare da ka taɓa saiwar ba. In ba ka son tukunya, ka kewaye gindin shukar da duwatsu masu faɗi, ka bar mata ƙofar fita kawai.

Waɗanda suka cancanci wannan wahalar ba su da yawa. Crinum calamistratum ta Kamaru tana da dogon ganye siriri mai lanƙwashe-lanƙwashe, mai tauri, kuma idan ta kafu saiwarta na da ƙarfi. Tana fitowa ne daga dunƙulen gindi, wanda ba a binne shi duka, ana barin samansa a waje. 'Yar'uwarta Crinum natans ganyenta ya fi faɗi. Cikin dangin Cryptocoryne, usteriana ta Filifin da balansae suna jure ruwa mai ma'adinai, wendtii ta Siri Lanka kuma ba ta da zaɓe. Echinodorus mai faɗin ganye ta fi dacewa da sikilid na Kudancin Amurka, tana kuma da ci sosai ta saiwa.

Tunda zancen tono ake, ga wani abu da ya fi shuka muhimmanci. Manyan duwatsu a kan gilashin ƙasa ake fara ɗora su, sannan a zuba yashi a kewaye. Idan aka ɗora su a kan yashi, kifi zai tone ƙarƙashinsu, tarin ya rushe, ya danne kifi ko ya fasa gilashi.

Da gaske shuka tana rage faɗa?

Tana ragewa idan an san inda za a sa ta. Sikilid yana korar wanda yake gani ne. Namiji mai ƙarfi idan yana hango tankin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, to duk tankin nasa ne. Idan aka kafa dogon cunkoson Vallisneria ko kututture mai Java fern a tsakiya, wanda aka koro yana kewayawa baya ya ɓace masa, sai korar ta tsaya nan. Kifaye kan mayar da irin wannan shingen iyaka, kowa ya tsaya ɓangarensa.

Saboda haka wurin shuka kan iyaka ne, ba tsakiyar fili ba. Ka bar kifin ya nuna maka inda ya zaɓa, ka bar masa yashin nan fili ya tona son ransa, ka dasa a tsakaninsa da maƙwabcinsa. Wanda ya dage sai ya dasa a bakin kogon namiji, kullum zai riƙa dasawa.

Sai dai shuka ba ta faɗaɗa tanki. Mbuna suna buƙatar tanki mai tsawon aƙalla santimita 120, wato lita 200 zuwa sama. Maza biyu masu zafi a ƙaramin tanki, ko an cika shi da ganye, sai ɗaya ya ga bayan ɗaya.

Oska fa, da manyan sikilid na Amurka ta Tsakiya?

A nan gara a faɗi gaskiya. Oska yana wuce santimita 30, kuma yana ɗaukar abin da ke tankin yana sauya masa wuri. Irin wannan halin ne da Amphilophus, da Rocio octofasciata da aka sani da Jack Dempsey, da Herichthys cyanoguttatus. Ko ƙaramin nan mai ratsi-ratsi, Amatitlania nigrofasciata, idan ya fara haihuwa sai ya tone rabin tanki. Shuka mai saiwa a yashi ba ta daɗewa da su. Abin da ke da dama shi ne babbar Anubias da aka manna wa dutsen da ya fi ƙarfinsu, da tsirran saman ruwa.

Abin da na fi ba masu irin waɗannan kifaye shawara shi ne shukar da ganyenta ke waje. Epipremnum aureum, mai yaɗon nan da ake ajiyewa a ɗaki ana kira pothos, idan aka tsoma saiwarta a ruwa aka bar ganyen a sama, tana girma sosai, tana zuƙe naitiret ɗin da kashin manyan kifaye ke tarawa. A sa saiwar cikin ƙaramin kwando ko cikin matatar da ke rataye a bayan tanki, inda baki ba zai kai ba. Ganyen kada ya nutse, ruɓewa zai yi. Mai kyanwa ko kare a gida ya kula, domin tauna ganyen yana cutar da su.

Tsirran saman ruwa suna da amfani?

Sosai. Ba ruwansu da tono, suna samun CO2 kai tsaye daga iska, kuma inuwarsu tana kwantar wa kifi hankali, tana kuma kare Anubias daga gansakuka. Kainuwa, wadda masana ke kira Pistia stratiotes, tana cikinsu, haka Limnobium laevigatum da Salvinia. Abin da ke kashe su a tankin sikilid shi ne ƙarfin ruwan matata da ke jujjuya su yana dulmiyar da su. Ka yi zobe da siririn tiyon iska, ka haɗa bakinsa biyu, ka bar shi yana shawagi a lungu, ka zuba su a ciki. Kainuwa kuma ba ta son ruwan da ke ɗiga daga murfi a kan ganyenta.

Masu cin ganye za su riƙa gutsurar saiwoyinsu, wannan ba laifi. Kada dai ka bari su rufe fiye da rabin saman ruwan, saboda haske da shigar iska.

Duk sikilid ne ke da wannan wahalar?

A'a. Ƙananan sikilid na koguna suna daga cikin kifayen da suka fi dacewa da tanki mai shuka. Pelvicachromis pulcher na kudancin Najeriya da Kamaru, wanda ake kira kribensis, yana ɗan tono a bakin kogonsa ne kawai. Apistogramma da Mikrogeophagus ramirezi na Kudancin Amurka sun fi sakewa idan ganye ya yi yawa. Pterophyllum scalare, mai faɗin jikin nan da dogayen fukafukai, a kan faffaɗan ganyen Echinodorus yake jera ƙwansa. Shi kuwa diskus, sikilid mai zagayayyen jiki na Kudancin Amurka, matsalarsa zafi ce: yana son digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, tsirrai da yawa kuma ba sa jure haka. Echinodorus da Anubias da Java fern da jan bado, wato Nymphaea lotus, suna jurewa.

Geophagus ba ya cin ganye, amma yini yake yana tace yashi ta baki, don haka ƙananan tsirrai masu gajeren saiwa ba sa zama da shi. Kada kuma ƙanƙanta ta ruɗe ka. Neolamprologus multifasciatus na Tanganyika, mai zama cikin ƙwanson dodon koɗi, tsawonsa kimanin santimita 4 ne, amma yashin da garkensu ke kwashewa sai ka yi mamaki.

Idan na ba su ganye su ci, za su ƙyale shukata?

Yana ragewa, ba ya hanawa. Abinci mai sifirulina, wato wata irin gansakuka da ake sawa a abincin kifi, da yankan kokwamba ko alayyafo da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, suna rage musu kwaɗayin sabon toho. Ga mbuna da Tropheus ma wannan shi ne abincin da ya dace da hanjinsu, domin yawan abinci mai maiƙo da nama yana daga cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon kumburin ciki da ke kashe su. Abin da ba su cinye ba a cire shi kafin ya ruɓe. Tono kuwa ba yunwa ke sa shi ba, don haka abinci ba ya maganinsa.

Haske da taki fa? Sai na sa CO2?

Tsirran da aka ambata a nan ba sa buƙatar a tura musu CO2, kuma a tankin Malawi ko Tanganyika tura ta yana saukar da pH, abin da kifin ba ya so. Haske matsakaici na awa 6 zuwa 8 a rana ya isa. Tankin sikilid yakan cika da kifi, naitiret da fosfet suna da yawa, idan aka haɗa da haske mai ƙarfi gansakuka ce za ta ci riba.

Abin da yakan yi ƙaranci shi ne fotasiyam da sinadarin ƙarfe. Alamar rashin ƙarfe ita ce sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya. A ruwa mai pH sama, ƙarfen da ke cikin takin ruwa yana saurin zama marar amfani ga shuka. Ka duba jikin kwalbar ka ga sinadarin da aka haɗa ƙarfen da shi: wanda aka haɗa da EDTA ba ya daɗewa idan pH ya haura 7, mai DTPA ya fi shi juriya, mai EDDHA ya fi duka amma yana ɗan rina ruwa ja. Ƙwayar takin saiwa kuma a cikin tukunya ake sa ta, in ba haka ba kifi zai tono ta ta narke a ruwa.

A yi hattara da ruwan da ake sayarwa a matsayin kabon na kwalba, mai sinadarin gulutaraldehaid. Yana narkar da Vallisneria. Kuma komai yawan shuka, ba ta ɗauke maka canjin ruwa na mako-mako.

Waɗanne ne bai kamata in ɓata kuɗina a kansu ba?

Masu laushin ganye da siririn kara irin su Cabomba da Rotala, da ƙananan tsirran da ake shimfiɗawa a ƙasa irin su Hemianthus da Glossostigma. Ga masu tono da masu ci, waɗannan abincin dare ɗaya ne. Akwai kuma tsirran tudu da ake tsomawa a ruwa a sayar da sunan na ruwa, kamar Dracaena sanderiana da Ophiopogon japonicus. Taurin ganyensu kan ja hankalin mai sikilid, amma idan aka nutsar da su duka, cikin 'yan watanni suke ruɓewa su ɓata ruwa.

Shuka zan fara sawa ko kifi?

Shuka. Ka ba ta makonni 3 zuwa 4 ta kama kafin kifi ya shigo, kuma ka shigo da su suna ƙanana. Kifin da ya girma ya tarar da shuka a wurin yakan ɗauke ta wani ɓangare na gida. Wanda ya riga ya mallaki tanki kuwa, duk sabon abu baƙo ne da ya shigo masa. In tankin ya riga ya kafu, ka sa shukar ranar canjin ruwa, ka sauya wa duwatsu wuri a lokaci guda, ta yadda kowa zai shagala da neman sabon wuri.

Zan iya sa gishiri ko magani alhali akwai shuka?

Gishirin da ake zubawa don jinyar kifi yana ƙona yawancin tsirrai, magunguna masu sinadarin jan ƙarfe kuma suna lalata Vallisneria da Ceratophyllum. Gara a yi jinya a wani tanki daban. Idan dole sai an yi wa tankin duka magani, a fito da duwatsu da tukwanen da ke ɗauke da shuka a ajiye su a bokitin ruwa inda haske ke kaiwa. Wannan ba ya shafar haɗin ma'adinai da ake sayarwa don kwaikwayon ruwan tafkunan Afirka, wanda tsirran da ke son irin wannan ruwan ke jurewa.

Shukar roba fa?

Tana tare gani kamar ta gaske, kuma ga tankin oska ba abin kunya ba ce. A zaɓi mai laushi marar kaifi, a manna gindinta a dutse. Ba ta dai shan naitiret, ba ta kuma gogayya da gansakuka.

Na sayi shuka, bayan mako guda ganyenta sun narke, kuma kifi bai taɓa ta ba. Ta mutu ke nan?

Sau da yawa ba ta mutu ba. Gonakin da ke samar da tsirran tanki sukan rene su ne da ganye a waje, cikin iska mai laima, domin sun fi saurin girma haka. Idan aka nutsar da su, tsofaffin ganyen sai su zube, sababbi masu dacewa da ruwa su fito. Cryptocoryne ta yi suna a wannan, tana iya narkewa har ƙasa sannan ta sake tohowa bayan makonni. Echinodorus da Vallisneria ma suna yi. Ka taɓa gindin ko kwantaccen karan da yatsa. Idan da tauri, ka yanke ruɓaɓɓun ganyen ka bar ta a wurinta, kada ka riƙa ciro ta kana dubawa. Idan ya yi laushi yana wari, ka yanke ruɓaɓɓen ɓangaren da wuƙa mai kaifi har ka kai inda yake da tauri, ka sake ɗaure abin da ya rage a sama da yashi.

Abin da ka yanke ko ka rage daga tanki, musamman kainuwa da Salvinia, ka shanya shi ya bushe sannan ka zuba a shara. Kada ya shiga rafi ko magudanar ruwa, domin suna yaɗuwa su toshe hanyoyin ruwa, har wasu ƙasashe sun hana sayar da su saboda haka.